Gitar Japan a Lefen Lauratu

Tun kafin azahar gidan Alhaji Isma'il da ke unguwar New Bell ta Douala ya cika da mata, har takalma suka rasa wurin zama a bakin ƙofa. An yi ruwa da safe, kwatar layin ta tumbatsa kamar yadda ta saba, amma duk wadda ta ji ranar kawo lefen Lauratu sai da ta tattare zaninta ta tsallako. Wasu zumunci ya kawo su. Wasu kuwa, Allah na gani, sun zo ne su ga abin da mai gyaran rediyo zai iya zubawa a akwati a shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa.

Ba laifinsu ba ne, don kowa a unguwar ya san da ƙyar aka yarda da auren nan. Baffa Jibirilla, yayan Alhaji Isma'il, wanda shi ne waliyyin 'yan matan gidan kaf, ya so a ba Umar Faruk, wani ɗan kasuwa da ya zo daga Kano, mai shagon atamfa a kasuwar Marché Central da mota mai sanyi. Lauratu ta kafe a kan Zailani na unguwar Nkololoun, ta yi kuka har ta rame, sannan mahaifinta ya sauko. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: yaron ya kasance mai sana'ar da za a faɗa a ƙofar masallaci ba tare da an sunkuyar da kai ba. Aka bincika, aka ce gyaran rediyo da kaset, aka ce to.

Amarya ba ta zama a wurin buɗe lefe, saboda haka aka kora Lauratu ɗaka aka ce ta je ta yi kunya. Sai dai kunyar Lauratu ba ta taɓa kai son saninta ba. Yarinyar da tun tana ƙarama ta kwance agogon bangon babanta don ta ga wanda ke buga ƙararrawa a ciki, ita za a ce ta zauna ta naɗe hannu? Ai da Zailanin ma a kan haka suka haɗu, ranar da ta kai masa rediyo ta ƙi tafiya sai ya nuna mata cikinta. Ta durƙusa a bayan labule, ta ɗage gefensa kaɗan, ta sa ido.

Aka yi ta buɗe akwatuna. Ga atamfofi, ga leshi, ga takalma da jakunkunansu, ga turare. Masu jiran abin dariya suka fara haɗiyar miyau, wata ta rangaɗa guɗa har da sakewa.

Sai Gwaggo Rakiyatu, gwaggon Zailani da ta jagoranci masu kawo kaya, ta ɗaga hannu.

"Ku dakata, ai ba ku ga komai ba. Saura babban."

Aka shigo da wani baƙin akwati dogo, gindinsa faffaɗa, kansa siriri, an manna masa wata takarda mai rubutu kamar tafiyar kaza a kan laka. Lauratu ta ƙara ɗage labulen.

"A ƙarƙashin gadon Zailani na same shi," in ji Gwaggo Rakiyatu tana washe baki, "ya lulluɓe shi da bargo, wai shi mai wayo, sai ranar biki zai fito da shi. Na ce ba da ni ba. Ya fita shago, na sa aka ɗauko."

Mama Larai, mahaifiyar Lauratu, ta dubi akwatin a ɗarare. "Shi ma a cikin lefen yake, Rakiyatu?"

"A ciki yake mana! Ku shaida, jama'a."

Aka shaida. Nan fa aka shiga canki-canka. Wata ta ce keken ɗinki ne na zamani, wata ta ce madubin tsaye ne, wata tsohuwa ta matsa baya ta ce ita fa ba ta yarda ba bindiga ba ce. Da aka ɓalle maɓallan aka ɗaga murfin, sai ga wani abu kwance cikin jan ƙyalle mai laushi, ja wur kamar manja a rana, da dogon wuya da wayoyin ƙarfe a miƙe a kansa.

Lauratu ba ta taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. So take kawai ta taɓa shi.

Wata mata da ta zo daga unguwar Village, wadda gidansu ke maƙwabtaka da gidan rawa, ta dafa ƙirji.

"Mais c'est une guitare! Gita ce, wallahi! Irin ta 'yan kiɗan makossa, mai amfani da wuta, wadda suke hana mu barci da ita!"

Mata suka dubi juna. Mai guɗa ta rufe bakinta da gyale. Gwaggo Rakiyatu ta dubi gitar, ta dubi mata, ta zame ta zauna a ƙasa.

Kafin ka ce kwabo magana ta kai falon maza. Ga Baffa Jibirilla faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ya fito baranda yana gyara babbar riga, muryarsa har layi.

"Isma'ila, ka gani ko? Makaɗi! Maroƙi za ka haɗa zuri'armu da shi! Kakanninmu sun tako daga arewa da goro a ka, sun zauna a garin nan ba wanda ya taɓa ganinsu a bakin mashaya, yau sai ga kayan kiɗa a lefen 'yarmu. Bayan la'asar a tattara a mayar musu. Yadda aka shaida ya shigo, haka zai fita, ko allura kada ta rage, kada gobe a ce mun ci wa wani kaya."

Alhaji Isma'il bai ce uffan ba. Shirun nan nasa ya fi ihun Baffa tsorata Lauratu. Ta saki labule, ta faɗa kan gado, ta fashe da kuka.

Tana cikin haka ta ji ana ƙwanƙwasa tagarta ta baya, wadda ke kallon ɗan lungun kwata. Ta buɗe. Zailani ne, wandonsa duk laka, yana haki kamar wanda kare ya biyo.

"Lauratu, Gwaggo ta ɗauko wani akwati..."

"An buɗe shi."

Ya jingina goshinsa da ƙarfen tagar.

"An buɗe shi a gaban matan New Bell kaf, Zailani. Baffa ya ce a mayar da kaya. Na bijire wa Baffa saboda kai, na ƙi abinci saboda kai, mahaifina ya daina kallon idona saboda kai, ashe ban ma san kai wane ne ba. Mene ne wannan abin? Naka ne?"

"Na sayarwa ne. Ki saurare ni, don Allah."

"Ina ji."

"Kin san tun da aka yanke albashi, ma'aikata sai su kawo rediyo in gyara, su tafi ba su dawo ba. Shagona ya koma maƙabartar rediyo. Ran nan wani mai kiɗa a unguwar Akwa ya kawo min gitarsa tana gurnani, na gyara masa wayoyin ciki. Shi ya gaya min kukan makaɗan garin nan. A da gitar Amurka suke saye, ita ce mai suna. Da aka yi dévaluation, aka karya sefa, kuɗinta ya ninka, ko a mafarki ba sa isa gare ta. Amma akwai matelots, ma'aikatan jirgin ruwa, da ke sauka a port da gitocin Japan na hannu, ba su da sunan waccan, kuɗinsu ko kusa bai kai ba, aikinsu kuwa in ka dace da mai kyau, sai mai kunne sosai zai bambance. Sai na fara saye ina gyarawa ina sayar musu."

Lauratu ta share hanci da bakin zani. Hawaye na zuba, amma tambaya ta riga ta taso mata, kuma tambayar Lauratu ba ta jiran a gama kuka.

"To yaya ake gane mai kyau?"

Zailani ya ɗago ya dube ta. Da ba don halin da suke ciki ba da ya yi dariya.

"Sai ki ɗora gindinta a kafaɗa ki kalli wuyan kamar mai auna bindiga. Iskar teku da raɓar Douala suna lanƙwasa katako, in wuya ya karkace an yi asara. Sai ki duba tsatsa a cikinta. Sai ki danna kowace tsirkiya a kowane mataki, daga sama har ƙasa, ki ji ko akwai inda take shaƙewa."

"Wutar kuma me take yi mata?"

"Akwai maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyin, shi ke ɗaukar motsinsu ya kai wa ampili, na'urar da ke ƙara sauti. In babu wuta, raɗa kawai take yi."

Ta juya maganar a ranta. Can sai ta gane inda bayanin ya dosa.

"Ka ce sai an danna kowace tsirkiya. Zailani, ka iya kaɗawa ke nan?"

Sai ya ziro hannunsa na hagu ta tsakanin ƙarafan. Ta duba kan yatsunsa, duk kanta, tauri kamar bayan ƙwarya. Ta daɗe tana ganin yatsun nan, ta ɗauka ƙunar dalma ce.

"Na iya," ya ce a hankali. "Ba a sayen gita a kurmance. Daga gwaji na koya. Ban taɓa taka gidan rawa ba, wallahi, su ke zuwa shagona. Amma na iya, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗinta. Atamfofin nan da aka yi wa guɗa, Lauratu, babu ɗaya da rediyo ta saya."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Tsoron ranar yau."

Ta sake fashewa da kuka, wannan karon har da tausayinsa a ciki, abin da ya ƙara mata haushi.

"To ka ji," ta ce tana shessheƙa. "In an tambaye ka, ka ce saye da sayarwa kawai kake yi. Ka ce ba ka iya ba. Ɗan kasuwa ana iya ba shi mata, makaɗi ba a ba shi. Ka yi min alkawari."

"Lauratu..."

"Kada ka tafi, ka tsaya a lungun nan." Ta rufe tagar.

Maganar Baffa ce ta yi ta yi mata yawo a ka: yadda aka shaida ya shigo, haka zai fita, ko allura kada ta rage. Ta san al'ada, ba a mayar da lefe da giɓi, wanda ya yi haka ya jawo wa gidansa sunan ɓarayi. To idan giɓin ya ƙi cikuwa fa?

Da aka kira la'asar maza suka tafi masallaci, mata suka shiga ɗakuna suka tayar da salla. Lauratu ta fito sanɗa, ta rungumi baƙin akwatin, ta ji ya fi yadda ta zata nauyi. A gidan nan ɗaki ɗaya ne tak Baffa Jibirilla ba ya iya ɗaga murya a cikinsa. Ta nufi ɗakin kakarta.

Nana Hadiza, mahaifiyar Baffa da Alhaji, tana zaune a kan gadonta na ƙarfe ta miƙe ƙafafun da suka hana ta fita kallon lefe. Tsohuwar dillaliyar goro ce, haƙoranta jajaye, idonta ƙyar. Ta dubi jikarta, ta dubi akwatin.

"Ajiye nan, ja'ira. Buɗe in ga abin da ya kashe min guɗa."

Da maza suka dawo aka shiga haɗa kaya, sai aka nemi baƙin akwati sama ko ƙasa aka rasa. Baffa ya fara sababi, Mama Larai na rantse-rantse. Ana cikin haka sai aka ji wani ɗan siririn sauti daga ɗakin tsohuwa. Tirin. Aka kasa kunne. Tirin, tirin.

Baffa da ƙanensa suka cire takalma suka durƙusa a bakin ƙofa. Ga mahaifiyarsu da jar gita a cinya, tana jan tsirkiya da farce kamar mai tsince shinkafa, Lauratu ta maƙale a bayanta.

"Inna, ki ba mu abin nan a cika kayan mutane," in ji Baffa.

"Wanda ya isa ya shigo ya ɗauka."

Ba wanda ya motsa.

"Na ga garaya, na ga goge, na ga molo," in ji Nana Hadiza, "ban taɓa ganin mai cin wuta ba. An ce Japan ta fito. Mutanen nan da suka yi mana rediyo da babur, ashe har kiɗa suke ƙerawa? Ba za ta fita ɗakin nan ba sai na ji kukanta na gaskiya. A kira min angon nawa, yana nan lungu yana ciyar da sauro."

Lauratu ta zaro ido. Sai yanzu ta tuna tagar Nana ma lungun take kallo.

Zailani ya shigo kansa a ƙasa, ya gaishe da kowa a durƙushe, Baffa bai amsa ba. Mata suka cika ƙofa da taga. Tsohuwa ta miƙa masa gitar.

"Sa mata wutar."

Babu ampili a gidan, sai ya nemi babbar rediyon Alhaji, wadda shi da kansa ya gyara, ya zaro waya daga aljihun akwatin ya haɗa. Rediyon ta yi wani gurnani, mata suka ja da baya.

"To, angona," in ji Nana Hadiza, "tambaya ɗaya. Ka iya ko ba ka iya ba?"

Lauratu ta kafa masa ido. Duk roƙon da ke cikinta ta zuba a kallon nan. Ka ce a'a. Kalma ɗaya ce, Zailani, ka faɗe ta mu huta.

Ya dube ta, ya dubi Alhaji Isma'il. Sai ya rataya maɗaurin a kafaɗa.

"Na iya, Nana."

Ya murɗa kunnuwan gitar ɗaya bayan ɗaya yana saurare, ya bi wuyan da yatsu daga sama har ƙasa kamar yadda ya gaya mata. Daga nan ya saki wani kiɗa mai sanyi, ba irin na gidan rawa ba, ya fi kama da abin da uwa ke rerawa tana jijjiga goyo. Sautin ya cika ɗakin, ya fita tsakar gida, har masu wucewa a layi suka tsaya. Lauratu ta so ta ji haushinsa, ta kasa. Hawaye suka zubo mata, ita kanta ba ta san na baƙin ciki ne ko na daɗi ba. Abin da ta sani, ya rusa mata dabara, kuma ba ta taɓa son sa kamar a wannan lokacin ba.

Ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin, sautin ya ɗauke.

"Kun ji da kunnenku!" Baffa ya miƙe. "Isma'ila, ka ji! Saura me?"

"Zauna, Jibirilla," in ji tsohuwa. Ya zauna. "Da goro na raine ku. Ka taɓa ganin na sayi huhun da ban ɓare ɗaya na ɗanɗana ba? Jan bakin nan nawa daga ina ya zo? Wanda ke sayar da abin da bai san ɗanɗanonsa ba, ko wawa ne ko macuci. Kuma ina zaune a nan na ji mara kunyar nan tana koya masa ƙarya ta taga. Yaron da wadda yake so ta ce ya yi ƙarya ya samu aure, ya ƙi, shi za ka mayar wa kaya?"

Lauratu ta cusa fuskarta a bayan kakarta.

Sai a lokacin Alhaji Isma'il ya yi magana. "Zailani, ka taɓa kaɗa ta a gaban jama'a don a yi maka liƙi?"

"Ban taɓa ba, Baba. Yau ne farkon da wani ya ji ni in ba mai saye ba."

Alhaji ya juya wajen matarsa. "Larai," ya ce, "a mayar da akwatunan ɗaka. Lefe ya zauna."

Wata ta ja numfashi za ta yi guɗa, sai ta ga fuskar Baffa ta haɗiye. Ya miƙe a hankali, wannan karon babu ihu, ya sa takalminsa ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, ba ni da ta cewa a ɗakinki. Lefe ya zauna, to ya zauna. Amma a masallaci ake ɗaura aure, ba a ɗaka ba. Ni Jibirilla bakina ba zai furta na ba makaɗi 'yarmu ba. Isma'ila, in ka ga dama ka tsallake yayanka ka nemo wani waliyyin, New Bell ta gani."

Ya saɓa babbar rigarsa ya fita.

Lauratu ta ɗago ta dubi mahaifinta. A iya rayuwarta ba ta taɓa ganin ya gitta gaban yayansa ba, ko a hanyar masallaci bayansa yake bi. Yana durƙushe a inda yake, idonsa a kan ƙofar da Baffa ya fita. Ba wanda ya tuna ya kashe rediyon, tana ta gurnaninta a tsakiyar ɗaki.

"Baba?" ta ce.

Bai juyo ba.